Yini Ɗaya a Pilsen: Nazarin Ziyarar Wani Aji Zuwa Unguwar 'Yan Meksiko a Shikago

Takardar ta iso gida a cikin jakar 'yata ta fari, a tsakiyar watan Oktoba, duk ta yamutse a ƙarƙashin littattafai. Makarantarsu tana ɗaya daga cikin garuruwan da ke yamma da birnin Shikago, kuma suna neman izinin iyaye domin a kai 'yan aji bakwai unguwar Pilsen. A ƙasan takardar an ce ana buƙatar iyaye huɗu su yi rakiya. Na sa hannu, na kuma rubuta sunana cikin masu rakiyar. Na ga shirin tun daga zaman farko har zuwa makonnin da suka biyo bayan dawowarmu, shi ya sa nake ganin ya dace in rubuta shi dalla-dalla, domin malamai da iyayen da wata rana za su kwashi yara su kai su unguwar wasu mutane da sunan koyon al'ada. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, haka na malamar da na yaran.

Unguwar da aka nufa

Pilsen tana kudu maso yammacin tsakiyar birnin, 'yan mintuna kaɗan a jirgin ƙasa na layin da ake kira Pink Line. Babban titinta shi ne Titi na 18. Wanda ya ji sunan zai yi mamakin yadda unguwar masu Sifaniyanci ta samu irin wannan suna. Asalinsa garin Plzeň ne na ƙasar Cek. Bayan babbar gobarar Shikago ta 1871, baƙi daga yankin Bohemiya, wanda yau yake cikin ƙasar Cek, suka taru a nan suna aiki a wuraren sayar da katako da masana'antu. Su suka kafa cocin St. Procopius, kuma ɗan wajensu ne ya gina zauren Thalia a 1892. 'Yan Folan ma suka zo suka gina nasu cocin, St. Adalbert. Gine-ginen suna nan har yau.

'Yan Meksiko sun fara shigowa Shikago da yawa a shekarun 1910 da 1920. Juyin juya halin da ya ɓarke a ƙasarsu a 1910 ya kore su daga gida, aikin layin dogo da masana'antun ƙarfe da manyan mayankan birnin kuma suka jawo su. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930, aka tasa ƙeyar dubbai zuwa Meksiko, har da yaran da aka haifa a Amurka. Da yaƙin duniya na biyu ya kwashe maza, sai aka sake neman su, aka buɗe shirin kwadago na Bracero wanda ya ɗore daga 1942 zuwa 1964. A wancan lokacin da yawansu suna zaune ne arewa da Pilsen, a yankin titin Halsted da Taylor. A farkon shekarun 1960 magajin gari Richard J. Daley ya ba da wannan wuri domin gina harabar Jami'ar Illinois, wadda aka buɗe a 1965. Aka rushe gidaje, mutane suka gangara kudu, daidai lokacin da jikokin 'yan Cek ke tashi suna komawa bayan gari. Kafin shekarun 1970 su yi nisa, Pilsen ta zama ta 'yan Meksiko.

Wanda ya san yadda Zangon Kumasi ko Sabo na Ibadan suka kafu ba zai sha wahalar gane wannan ba. Na farko ya sauka, ya samu ɗaki, ya zama mai masaukin na biyu, na biyu ya aika wa ƙanensa kuɗin mota.

Shirin farko

Malamar mace ce mai ƙwazo, tana koyar da tarihi da zamantakewa, kuma ita ta nemi kuɗin motar da kanta. A zaman masu rakiya ta raba mana takardar aikin da yara za su riƙe. An tsara ta kamar wasan farauta: jerin abubuwa ne da kowace ƙungiya za ta nemo ta ɗauki hoto, wadda ta fi yawa ta ci kyauta. Akwai tutar Meksiko, akwai malafar nan mai faɗi, akwai ƙoƙon kai na sukari, akwai zanen bango. Can ƙasa kuma an rubuta a nemo mai tallar abinci a titi, da tsohuwa mai shigar gargajiya.

Ni dai na karanta ban ga komai ba. Wadda ta gani ita ce wata uwa da ke zaune kusa da ni, wadda 'yarta ke ajin. A Pilsen aka haife ta, zuriyarsu daga jihar Michoacán suka fito. Ta ajiye takardar, ta ce wa malamar cikin ladabi: "Malama, tsohuwar nan da za a nemo a ci maki da ita, ai mahaifiyata ce." Ta ƙara da cewa ba ta taɓa ganin wani a unguwarsu ya fito sayen burodi da waccan malafa a kansa ba.

Ɗakin ya yi tsit. Na yaba wa malamar a nan, domin ba ta tsaya kare kanta ba. Ta ce ta samo takardar ne daga wani tsohon shiri, ta roƙi matar ta taimaka su gyara. Cikin mako guda aka sauya abubuwa. Aka cire duk wani ɗan Adam daga jerin, aka soke kyautar. Kowace ƙungiya aka ba ta tambaya ɗaya da za ta dawo da amsarta: wa ya gina wannan unguwa, me zanen bangon ke faɗi, me ya sa mutane ke tashi daga nan, daga ina abincin ya samo asali. Aka amince cewa duk kuɗin abinci a shagunan unguwar za a kashe shi. Aka kafa doka cewa ba a ɗaukar hoton fuskar kowa sai da izininsa. Mafi muhimmanci, matar ta ce za ta roƙi mahaifiyarta ta tarye mu a can ta zagaya da mu.

Ni ma na kawo tawa maganar, ta abinci. Akwai yara Musulmi biyar a ajin, da wani yaro ɗan Indiya da ba ya cin nama. Malamar ta ɗauka in an yi odar kaza ai shi ke nan. Na ce mata matsalar ba a naman da ake gani kaɗai take ba. A girkin Meksiko ana yawan amfani da kitsen alade, wanda suke kira manteca: yana shiga cikin soyayyen wake, yana shiga ƙullun tamal, wato alalen masara nasu, wani lokaci har cikin burodi mai zaƙi. Matar nan ta ɗauki waya ta kira gidan abincin, ta yi musu tambayoyi da Sifaniyanci ɗaya bayan ɗaya. Aka tsayar da cewa yaranmu za su ci tortiya, wato gurasarsu ta masara, wadda ba a sa mata kitse, da dafaffen wake na tukunya, da cuku, da fiya. Kira ɗaya ne na minti biyar, amma ba don shi ba da yaran nan sun wuni da yunwa ko sun ci abin da iyayensu ba su yarda da shi ba.

A gidan tarihi

Mun isa da hantsi, ana sanyi mai shiga ƙashi. Zangon farko shi ne Gidan Tarihin Fasahar Meksiko na Ƙasa, a cikin lambun Harrison, kan Titi na 19. Labarin kafuwarsa ya dace da ziyarar makaranta, domin malaman makaranta ne suka kafa shi. A 1982 Carlos Tortolero da wasu abokan aikinsa malamai suka haɗa dala 900 suka fara, a 1987 aka buɗe ginin, a 2006 aka ba shi sunan da yake da shi yanzu. Shiga kyauta ce tun daga ranar farko. Sun yi hakan ne domin kada kuɗin ƙofa ya hana ɗan lebura ganin fasahar kakanninsa.

Lokacin ziyararmu ya zo daidai da baje kolin da suke yi kowace shekara na Ranar Mamata, wadda ake bikinta a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Yaran sun san bikin daga wani fim ɗin zane, kuma da yawansu sun ɗauka irin Halowin ne. Mai yi mana bayani ta fara da raba su da wannan fahimta. Ta nuna mana abin da ake kira ofrenda: tebur ne mai hawa-hawa da iyali ke shiryawa domin mamatansu. Ana ɗora hoton mamacin, da kyandir, da ruwa, da gishiri, da burodi na musamman, da abincin da yake so lokacin yana raye, da furen nan ruwan lemo mai ƙarfin ƙamshi da suke kira cempasúchil, da takardu masu launi da aka yi wa huji da ado. Ta ce al'adar ta haɗo tsohon addinin mutanen ƙasar kafin zuwan Sifaniyawa da kuma ranakun tunawa da waliyyai da mamata na ɗariƙar Katolika. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2008.

Muna tsaye gaban wani tebur, 'yata ta matso ta kama gefen mayafina, ta yi ƙasa da murya da Hausa: "Umma, wannan ba shirka ba ne?"

Na ji daɗin tambayar har raina. Na ce mata mu ba ma yin haka, mamatanmu addu'a muke yi musu, mu yi sadaka da niyyar ladan ya kai gare su. Amma yau mun zo ne mu ga yadda maƙwabtanmu ke ɗaukar rashin nasu, kuma gani domin sani daban yake da aikatawa. Na ce ta dubi hoton da kyau. Wani dattijo ne da hular aiki, an ajiye masa kwalbar lemon da yake so da tsohon agogonsa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce agogon irin na Alhaji ne, wato mahaifina, wanda ya rasu tana 'yar shekara shida.

Wannan batu ya taso tun kafin tafiyar. Gida ɗaya na Musulmi sun ƙi ba ɗansu izini, saboda malamar ta rubuta cewa bayan an dawo kowane yaro zai shirya ƙaramar ofrenda a aji. Da muka zauna da ita, ta mayar da shi zaɓi: mai so ya shirya, wanda ba ya so ya rubuta shafi biyu a kan wani nasa da ya rasu. A ganina daidai ta yi. Ga iyalan da ke yin ofrenda abin ibada ne da juyayi, kuma mayar da shi aikin hannu na cin maki bai girmama su ba, balle a tilasta wa yaron da aƙidarsa ta hana. Sai dai gyaran ya zo a makare. Iyayen yaron sun riga sun yanke hukunci, ya wuni a laburaren makaranta shi kaɗai.

Kafin mu fita wani yaro baƙar fata ɗan Amurka ya ɗaga hannu ya tambaya ko akwai baƙaƙe a Meksiko. Aka ba shi labarin Gaspar Yanga, ɗan Afirka da aka kai bauta yankin Veracruz, ya gudu da mutanensa cikin duwatsu, suka tsaya wa sojojin Sifaniya a 1609, har daga baya aka amince musu da gari nasu, wanda yau yake ɗauke da sunansa. Wannan gidan tarihin ya yi babban baje koli a kan 'yan asalin Afirka a Meksiko a 2006. A ƙidayar 2020 kuma kimanin mutum miliyan 2.5 suka bayyana kansu a matsayin masu tsatson Afirka. Ni kaina ranar na fara jin sunan Yanga.

Tare da Kaka a kan titi

A bakin lambun muka tarar da kakar tana jiranmu. Mace ce gajera, ta haura sittin, sanye da rigar sanyi da wandon jins da takalmin gudu. Jikarta ta ruga ta rungume ta tana cewa "Abuela", wato kaka. Kafin a jima duk ajin sun ɗauka, mu iyaye kuma muna ce mata Señora.

Ta fara da bango. Zanen bango a Meksiko tsohon makami ne na ilmantarwa: a shekarun 1920 gwamnati ta ba masu zane irin su Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros bangayen ma'aikatu su zana tarihin ƙasa, domin wanda bai iya karatu ba ya karanta da ido. Pilsen ta gaji wannan. A 1968 Mario Castillo ya yi zanen da ake ɗauka shi ne na farko irinsa a unguwar. Yau doguwar katangar layin dogo da ke Titi na 16 cike take da zane, haka tashar jirgi ta Titi na 18, wadda Francisco Mendoza ya ƙawata tare da matasan unguwa. Kaka ta kai mu gidan mai zane Héctor Duarte, inda wani ƙaton mutum ke kwance ya zagaye bangon gidan, an ɗaɗɗaure shi da waya mai ƙaya. Ta tambayi yaran wane ne wannan. Ɗaya ta ce fursuna. Wani ya ce mai tsallaka iyaka. Kaka ta ce masa ya sake duba girman mutumin, ya kuma duba sirantar wayar da ta riƙe shi. Ba ta ƙara komai ba, ta bar su suna gardama.

Ta kuma gaya musu labarin bangon da babu shi. Casa Aztlán cibiya ce ta al'umma da ta yi shekaru da dama ana koyar da Turanci da zane, ana taimakon baƙi, fuskar gininta cike da hotunan jaruman tarihi. Da ginin ya koma hannun masu gina gidajen haya, a 2017 aka shafe zanen da fenti ruwan toka. Mutanen unguwa suka taru a ƙofar kamar masu zaman makoki.

Inda ziyarar ta yi nauyi a wurina shi ne gaban makarantar sakandare ta Benito Juárez. Kaka ta tsaya ta ce lokacin tana yarinya unguwar ba ta da sakandare tata. 'Yan shekarar farko ana cusa su a wani tsohon gini da ake kira Froebel, wanda ya lalace, sauran kuma sai su yi tafiya zuwa makarantar Harrison, su ratsa unguwannin da 'yan daba ke tare hanya. Malamai masu jin Sifaniyanci kaɗan ne, yara da yawa suna barin karatu. A farkon shekarun 1970 ɗalibai da iyaye, musamman mata, suka tashi. Suka yi tattaki, suka hana 'ya'yansu zuwa aji, suka cika ofishin hukumar ilimi. Ta ce tana tuna kanta tana bin bayan mahaifiyarta, riƙe da kwali, ƙafafunta na ciwo. A 1977 aka buɗe makarantar. Ita ta riga ta wuce shekarun shiga, ƙannenta ne suka ci moriya. Sunan da aka ba makarantar ma da ma'ana: Juárez maraya ne ɗan ƙabilar Zapotec daga Oaxaca, wanda ya yi kiwon tumaki yana yaro, bai iya Sifaniyanci ba sai da ya kai wajen shekara 12, kuma ya zama shugaban Meksiko daga 1858 zuwa 1872. Bikin Fiesta del Sol da ake yi duk bazara a unguwar daga murnar wannan nasara ya samo asali.

Yaran nan sun fito daga makaranta mai filin wasa da ɗakin kwamfuta, ba su taɓa tunanin cewa makaranta aba ce da ake ƙwato ta ba. Na ga wani yaro da ya wuni yana tsokanar abokansa ya fito da biro yana rubutu a tafin hannunsa.

Tuntuɓen da aka yi

A hanyarmu ta zuwa cin abinci muka wuce wata mata da ke sayar da tamal a bakin titi, da 'yar kura da manyan kuloli biyu. Wani yaro ya ɗaga waya ya ɗauke ta hoto. Matar ta juya da sauri, ta kare fuskarta da hannu, ta fara tattara kayanta.

Uwar nan 'yar unguwa ta ƙarasa wajenta, suka yi magana a hankali. Ta kira yaron, ya goge hoton a gaban matar, aka koya masa ya ce "Disculpe, señora", wato "ki yi haƙuri". Muka sayi tamal mu iyaye, matar ta saki jiki, har ta yi wa yaron murmushi. Abin bai wuce minti uku ba.

A mota malamar ta yi musu bayani. Ta ce a unguwa irin wannan hoton baƙo na iya zama barazana. Akwai gidajen da wani a cikinsu ba shi da takardun zama, kuma tsoron jami'an shige da fice ba ya barin su ko da rana ɗaya. Akwai kuma batun lasisi: sai a 2015 birnin ya halatta sayar da dafaffen abinci a kura, da sharaɗin a dafa shi a kicin mai lasisi, abin da ya fi ƙarfin masu ƙaramin jari da yawa. Babu wanda ya tambayi matar wanne ne nata dalilin, kuma ba hurumin kowa ba ne ya tambaya.

Laifin a nan na manya ne, ni ma a ciki. Mun ba yara doka ba mu ba su dalili ba. Yaro ɗan shekara 12 da ya ji "kada ka ɗauki hoto" zai sa ta a layi ɗaya da "kada ka yi gudu a baranda". Da an yi musu wannan bayani na mota kwana ɗaya kafin tafiya, da wayar ba ta fito daga aljihu ba.

Zobo

A gidan abinci aka jero manyan tuluna na gilashi. Ɗaya ja wur. 'Yata ta kurɓa, ta zaro ido, ta ce da ƙarfi: "Umma, zobo ne!"

Zobo ne kuwa. Suna kiransa agua de jamaica, kuma ganyen zoborodo ne dai wanda muka sani. Meksiko ba ta noma abin da zai ishe ta, tana shigo da shi daga waje, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar mata, daga gonakin Jigawa da Kano da Katsina. Tulu na biyu tsamiya ce. Na uku fari ne, horchata, wanda su suke yi da shinkafa da kirfa, amma a Sifaniya, inda sunan ya fito, da aya ake yinsa kamar kununmu. Yarinyar nan da ta daɗe tana ƙin tafiya makaranta da gorar zobo, wai kada a tambaye ta mene ne, ita ce ta miƙe tana yi wa teburinsu bayanin yadda muke sa citta da kanumfari.

Musayar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Masarar da muke tuwo da ita a Meksiko aka fara nomanta, dubban shekaru da suka wuce. Mai gidan abincin ya fito da ƙullu ya nuna wa yaran yadda ake dafa ƙwayar masara a ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, abin da ya tuna mini da yadda muke jefa kanwa a girki. Wannan dahuwa ke sa ƙullun ya yi danƙo, ita ce kuma ke sakin sinadarin niyasin da jiki ke buƙata. Ƙasashen da suka karɓi masara ba su karɓi wannan dabara ba, suka kuma dogara da ita kaɗai, sun sha fama da cutar felagra. Tamal kuwa ƙullun ne ake naɗewa a ɓawon masara a turara, kusan yadda muke alale a ganye.

Gidan Kaka

Ba ya cikin shiri. Ita ta ce mu bi ta wani layi. Ta tsaya gaban wani gidan bulo mai hawa uku, irin na unguwar da farfajiyarsu ke ƙasa da titi, domin an ɗaga titunan ne bayan an gina gidajen, lokacin da aka shimfiɗa magudanan ruwa. An sa masa sabon shinge na katako da ƙofar gilashi. Ta nuna tagar hawa na biyu ta ce a nan ta haifi 'ya'yanta. Haya ta yi ta hawa har ta fi ƙarfinsu, suka koma bayan gari.

Ba ita kaɗai ba ce. Wani bincike da Farfesa John Betancur na Jami'ar Illinois da ke Shikago ya jagoranta ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2013 Pilsen ta rasa mazauna masu asalin Latin Amurka fiye da 10,000. Mutanen unguwa sun yi shekaru suna fafutukar a rufe tashar lantarki ta Fisk mai ƙona gawayi, wadda hayaƙinta ke sa yara asma, aka rufe ta a 2012. Iska ta gyaru, bango ya yi kyau, jirgi na kai mutum tsakiyar birni cikin mintuna, sai masu kuɗi suka gano wurin. Waɗanda suka share gonar ba su ne ke girbi ba. Cocin St. Adalbert ma, wanda 'yan Meksiko suka gada daga 'yan Folan, an yi masa ibadar ƙarshe a 2019.

Wata yarinya ta tambayi Kaka ko tana jin haushin mutanen da ke cikin gidan yanzu. Ta ce a'a, ba ta san su ba. Abin da ke mata ciwo shi ne in ta zo ganin tattakin Juma'ar Ista da ake yi a Titi na 18, sai ta nemi fuskokin da ta sani ta rasa. Jikarta tana gefe, ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba.

Bayan an dawo

Malamar ta ba mu damar karanta rubuce-rubucen yaran. Kusan kowa ya ambaci abinci, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma waɗanda suka yi zurfi a kan abu biyu suka tsaya: makarantar da iyaye mata suka ƙwato, da tagar hawa na biyu. Duka biyun daga bakin Kaka suka fito, kuma babu ɗayansu a takardar farko. Yaron da ya ɗauki hoto ya rubuta shafi guda a kan matar mai tamal, ya ce bai taɓa sanin cewa wani zai iya jin tsoronsa ba.

Akwai ɓarnar da ba mu gani ba sai daga baya. A motar dawowa wani yaro ya tambayi jikar Kaka ko danginta suna da takardu. Ba da mugunta ya yi ba, bayanin malamar ne ya tsaya masa a rai. Yarinyar, wadda ita da uwarta duk a Shikago aka haife su, ta isa gida tana kuka. Ta gaya wa uwarta cewa tun da aka fara maganar tafiyar kowa ya mayar da ita mai magana da yawun Meksiko, ƙasar da sau biyu kawai ta taɓa zuwa. An nemi shawarar uwarta, an gayyaci kakarta, amma babu wanda ya ja ta gefe ya tambaye ta ko tana so a kai ajinsu ƙofar tsohon gidansu. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin na san yadda 'yata ke ji duk lokacin da aka ambaci Afirka a aji aka juyo ana kallonta.

Malamar ta ware darasi guda a kan wannan. Ta koya musu hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, a shari'ar Plyler da Doe, wanda ya tabbatar da cewa kowane yaro na da haƙƙin shiga makarantar gwamnati ko da takardu ko babu, ta kuma ce wannan tambaya ce da ba a yi wa ɗan aji. Ta nemi gafarar yarinyar ita kaɗai, ba a gaban jama'a ba.

Gibi na ƙarshe shi ne yaranmu sun wuni a Pilsen ba su yi magana da yaro ɗaya ɗan Pilsen ba. Sun ga manya, sun ga bango. Unguwar La Villita ta 'yan Meksiko da ke kusa, mai babbar ƙofa a Titi na 26, ita ma an cire ta saboda lokaci, alhali can ne iyaye da 'yan unguwa 14 suka yi yajin cin abinci na kwana 19 a 2001 har aka gina musu tasu sakandaren.

A takardar shekara mai zuwa, wadda malamar ta nuna mini, ta ƙara layin tambayar abin da yaro ba ya ci, ta sa bayanin hoto a darasin share fage, ta kuma rubuta wa kanta cewa za ta fara zama da duk yaron da ke da alaƙa da unguwar kafin ta sanar da ajin. Ta tuntuɓi wata malama a Pilsen domin azuzuwan biyu su yi musayar wasiƙu, sannan kowanne ya ziyarci ɗan'uwansa. Wancan ajin sun amince. Abin da ya rage shi ne kuɗin motar da za ta kawo su wajenmu, kuma mu iyaye huɗu mun fara karo-karo.